Kwarmata Bayanan Sirri Daga Cikin Gida: Yadda Raunin Tsaron Kwamfutocin Gwamnati Ke Buɗe Ƙofa

Tsakanin shekarar 2010 da 2023, gwamnatin Amurka ta fuskanci manyan kwarmaton bayanan sirri guda huɗu da suka girgiza hukumomin tsaronta, suka kuma taɓa dangantakarta da ƙasashe da dama, ciki har da Najeriya. Dukkan waɗanda suka fitar da bayanan ma'aikata ne masu katin shaida da izinin shiga: wani ƙaramin soja mai shekara 22 a Iraƙi, da ma'aikacin kamfanin kwangila mai shekara 29 a Hawaii, da injiniyan manhaja na hukumar leƙen asiri ta CIA, da kuma wani matashin sojan sama mai shekara 21 a jihar Massachusetts.

Rahotannin binciken da suka biyo baya sun yi ta nuna gazawa iri ɗaya. An bai wa mutane da yawa damar ganin abin da aikinsu bai buƙata ba, kwamfutocin ba sa lura da abin da ake kwashewa, shugabanni kuma sun ga alamun matsala suka kau da kai. Masana tsaro na kiran wannan lamari barazanar cikin gida, abin da Bahaushe ya daɗe da taƙaitawa da cewa da ɗan gari akan ci gari.

Mece ce barazanar cikin gida?

Barazanar cikin gida ita ce haɗarin da hukuma ke fuskanta daga wanda ita da kanta ta ba shi izinin shiga gine-ginenta ko kwamfutocinta, ko ma'aikacinta ne na dindindin, ko soja, ko ɗan kwangila. Bambancinsa da mai kutse daga waje shi ne ba ya buƙatar fasa komai, domin yana da kalmar sirri, ya san inda bayanai suke, ya kuma san lokacin da ba a sa ido.

Dalilan da ke sa ma'aikaci fitar da sirri sun bambanta. Akwai mai sayarwa don kuɗi, kamar Aldrich Ames na CIA, wanda ya fara yi wa Tarayyar Sobiyet aiki a 1985, aka kama shi a watan Fabrairun 1994. Bayanan da ya bayar sun yi sanadin kashe aƙalla mutum goma da ke yi wa Amurka leƙen asiri, kuma ya sayi gida na dala 540,000 kuɗi hannu ba tare da hukumarsa ta farga da wuri ba. Haka ma Robert Hanssen na hukumar bincike ta FBI, wanda aka kama a 2001, ya riƙa bincika sunansa a kwamfutar hukumar domin ya ga ko an fara zarginsa.

Akwai mai cewa lamirinsa ne ya tilasta masa sanar da jama'a abin da gwamnati ke ɓoyewa. Akwai mai jin haushin abokan aiki ko shugabanni, akwai kuma mai neman burge abokai. Rukuni na ƙarshe shi ne na mai sakaci, wanda ba shi da mugun nufi amma ya tura bayani inda bai kamata ba. A watan Fabrairun 2022 wani jami'in tsaron Birtaniya ya aika da jerin sunayen 'yan Afghanistan kusan 19,000 da suka nemi mafaka saboda aikin da suka yi da dakarun Birtaniya, ta hanyar imel, zuwa wajen tsarin gwamnati. Jama'a ba su san da batun ba sai a watan Yulin 2025, lokacin da kotu ta ɗage umarnin hana buga labarin.

Matakan sirri da hanyoyin da bayanai ke bi

A Amurka, umarnin shugaban ƙasa mai lamba 13526 na watan Disambar 2009 ya kasa bayanan sirri gida uku, gwargwadon ɓarnar da fitarsu za ta yi wa tsaron ƙasa. Matakin ƙasa shi ne wanda fitarsa za ta yi illa, na tsakiya wanda zai yi mummunar illa, sai na ƙoli wanda zai haddasa illa mai matuƙar tsanani. Bayan waɗannan akwai keɓaɓɓun bayanai da suka shafi majiyoyi da dabarun leƙen asiri, waɗanda ake ƙara musu shinge na musamman.

Kowane mataki yana da hanyar sadarwarsa ta kwamfuta wadda aka raba da intanet ɗin kowa da kowa. Hanyar SIPRNet ce ke ɗaukar bayanan matakin tsakiya na sojoji da jami'an diflomasiyya, yayin da JWICS ke ɗaukar na matakin ƙoli. A ƙa'ida, kafin mutum ya ga wata takarda sai ya cika sharaɗi biyu: ya kasance an tantance shi an ba shi izinin wannan mataki, sannan aikinsa ya buƙaci sanin abin da ke cikinta. Sharaɗi na biyu shi ne ya fi saurin rushewa idan bayanai suka koma kwamfuta.

Yawan masu izinin ma babban al'amari ne. Alƙaluman ofishin Daraktan Leƙen Asiri na Ƙasa sun nuna cewa fiye da mutum miliyan huɗu ne aka tantance domin ganin bayanan sirri, kuma sama da miliyan ɗaya daga cikinsu suna da izinin matakin ƙoli. Da yawa daga cikinsu ma'aikatan kamfanoni masu zaman kansu ne da ke yi wa gwamnati kwangila.

Daga injin kwafi zuwa faifan CD

A zamanin takarda, fitar da sirri mai yawa aiki ne mai wahala. Daniel Ellsberg, wanda ya kwarmata rahoton sirri na ma'aikatar tsaro ta Pentagon game da yaƙin Vietnam, ya fara kwafar shafuka kusan 7,000 a watan Oktoban 1969, yana fitar da su kaɗan-kaɗan a cikin jakarsa, yana kwana a gaban injin kwafi. Sai ranar 13 ga Yunin 1971 jaridar New York Times ta fara buga su.

Abubuwa biyu ne suka sauya wannan yanayi. Na farko shi ne komawar bayanai cikin kwamfuta, inda abin da zai cika ɗakuna zai iya shiga faifai ɗaya. Na biyu shi ne harin 11 ga Satumbar 2001. Kwamitin da ya binciki harin ya gano cewa hukumomin tsaro sun mallaki gutsattsarin bayanai game da maharan, amma kowace ta riƙe nata ba ta nuna wa 'yar'uwarta ba. Saboda haka aka ɗauki manufar musayar bayanai tsakanin hukumomi, aka haɗa rumbunan bayanai da juna. Ma'aikatar harkokin waje ta ɗora saƙonnin ofisoshin jakadancinta a kan SIPRNet, inda dubban ɗaruruwan sojoji da jami'ai ke iya karanta su. An faɗaɗa ƙofar shiga, amma na'urorin sa ido kan masu shigar ba su bi sahu da irin wannan sauri ba.

Gargaɗi ya zo tun a 2008, lokacin da aka jona wata ƙaramar ma'adanar bayanai ta USB mai ɗauke da ƙwayar cutar kwamfuta a wani sansanin sojan Amurka a Gabas ta Tsakiya, cutar ta bazu har cikin hanyoyin sadarwa na sirri. Pentagon ta haramta amfani da irin wannan ma'adana a watan Nuwamban shekarar, sai dai an ci gaba da amfani da faifan CD.

Manning da WikiLeaks, 2010

Bradley Manning ƙaramin soja ne mai nazarin bayanan leƙen asiri, wanda aka tura sansanin Hammer da ke gabashin Bagadaza a ƙarshen 2009. Aikinsa ya shafi yankin da rundunarsa take, amma kwamfutarsa tana iya buɗe rahotannin yaƙin Iraƙi da na Afghanistan baki ɗaya, da saƙonnin jakadun Amurka daga sassan duniya. Ya riƙa shiga ofis da faifan CD mai ɗauke da sunan mawaƙiya Lady Gaga, ya goge waƙoƙin, ya cika shi da bayanai yana motsa baki kamar mai bin waƙa.

Abin da ya miƙa wa shafin WikiLeaks ya haɗa da rahotannin yaƙin Afghanistan kimanin 90,000, da na Iraƙi fiye da 390,000, da saƙonnin diflomasiyya 251,287 daga ofisoshi 274. Akwai kuma bidiyon harin da jirgin yaƙi mai saukar ungulu ya kai a Bagadaza ranar 12 ga Yulin 2007, wanda ya kashe mutane da dama, ciki har da ma'aikata biyu na kamfanin dillancin labarai na Reuters. An saki bidiyon a watan Afrilun 2010, aka fara buga saƙonnin jakadun ranar 28 ga Nuwamba tare da jaridun Guardian da New York Times da Le Monde da El País da mujallar Der Spiegel.

Babu wata na'ura da ta tona asirin Manning. Shi da kansa ya faɗa wa wani tsohon mai kutse, Adrian Lamo, a hirar intanet, shi kuma ya kai rahoto ga hukuma, aka kama shi a watan Mayun 2010. A cikin hirar ya bayyana wurin aikinsa a matsayin inda kwamfutocin ajiya ke da rauni, rijistar abin da ma'aikata ke yi ke da rauni, tsaron ginin ma haka. Kotun soja ta yanke masa hukuncin ɗaurin shekara 35 a watan Agustan 2013. Kwana ɗaya bayan hukuncin ya sanar da cewa zai ci gaba da rayuwa a matsayin mace mai suna Chelsea Manning. Shugaba Barack Obama ya sassauta hukuncin, aka sake ta a watan Mayun 2017.

Sakamakon ya bazu zuwa ƙasashe da yawa. Jakadan Amurka a Mexico, Carlos Pascual, ya yi murabus a watan Maris na 2011, Ecuador kuma ta kori jakadiya Heather Hodges a watan Afrilu. A watan Satumbar 2011 dukkan saƙonnin suka fita ba tare da an rufe sunayen majiyoyi ba, bayan an buga kalmar sirrin fayil ɗin a cikin wani littafi. Wani ɗan jaridar Habasha, Argaw Ashine, ya tsere daga ƙasarsa bayan sunansa ya bayyana a ɗaya daga cikin saƙonnin.

Najeriya a cikin saƙonnin

Saƙonnin ofishin jakadancin Amurka da ke Abuja da ƙaramin ofishinta na Legas suna cikin waɗanda aka fallasa. A watan Disambar 2010 jaridar Guardian ta Birtaniya ta buga wani saƙo na 2009 da ya ruwaito wata babbar jami'ar kamfanin mai na Shell, Ann Pickard, tana shaida wa jakadiya Robin Sanders cewa kamfanin yana da mutanensa a ma'aikatun gwamnatin Najeriya da suka shafi harkarsa, don haka yana sane da abin da ake yi a cikinsu. Shell ya musanta cewa ya kutsa cikin gwamnati.

Wani saƙon ya shafi shari'ar gwajin maganin Trovan da kamfanin Pfizer ya yi a kan yara kimanin 200 a Kano lokacin annobar sanƙarau ta 1996, inda yara 11 suka rasu. Saƙon ya ruwaito cewa kamfanin ya ɗauki masu bincike domin tono zargin cin hanci a kan Ministan Shari'a na lokacin, Michael Aondoakaa, don a matsa masa ya janye ƙara. Pfizer ya musanta zargin. Ta haka ne maganganun da aka yi a bayan labule a Abuja suka isa hannun kowa, saboda raunin tsaron wata kwamfuta a sansanin soja a Iraƙi.

Snowden da hukumar NSA, 2013

Bayan lamarin Manning, Obama ya sanya hannu kan umarni mai lamba 13587 a watan Oktoban 2011, wanda ya wajabta wa hukumomi kafa shirin gano barazanar cikin gida. Ƙasa da shekara biyu bayan haka sai ga Edward Snowden.

Snowden mai kula da tsarin kwamfutoci ne a wata cibiyar hukumar tsaron sadarwa ta NSA a Hawaii, da farko a ƙarƙashin kamfanin Dell, daga baya Booz Allen Hamilton. Irin wannan muƙami yana ba mutum damar shiga ko'ina, domin shi ke gyara matsalolin sauran ma'aikata, shi ke kwashe fayil daga wuri zuwa wuri. Rahotanni sun nuna cewa ya yi amfani da wata manhaja mai sauƙi da ke bin shafuka tana tattara abin da ke cikinsu, kuma a lokacin ba a kammala saka sabuwar manhajar sa ido a cibiyar ta Hawaii ba. Wata takardar NSA ta 2014 ta tabbatar da cewa wani ma'aikaci ya shigar da kalmar sirrinsa a kwamfutar Snowden, abin da ya ƙara masa damar shiga, ma'aikacin kuma ya ajiye aiki.

Ya tashi zuwa Hong Kong ranar 20 ga Mayun 2013, jaridar Guardian ta buga labarin farko ranar 5 ga Yuni, game da yadda NSA ke tattara bayanan kiran wayar miliyoyin Amurkawa. Daga nan aka fallasa shirin PRISM na karɓar bayanai daga manyan kamfanonin intanet, da sauraren wayar shugabar gwamnatin Jamus Angela Merkel, da leƙen asirin shugabar Brazil Dilma Rousseff, wadda ta ɗage ziyarar da ta shirya kaiwa Washington. Kwamitin leƙen asiri na majalisar wakilan Amurka ya ce a 2016 takardun da ya kwashe sun haura miliyan ɗaya da rabi. Snowden ya isa Moscow ranar 23 ga Yunin 2013, Rasha ta ba shi mafaka, sannan ta ba shi takardar zama ɗan ƙasa a watan Satumbar 2022.

Shugaban NSA na lokacin, Janar Keith Alexander, ya sanar da dokar mutum biyu, wato kada mai kula da kwamfuta ya taɓa muhimman bayanai sai da wani a tare da shi, ya kuma ce za a rage yawan masu wannan aiki da kashi 90 cikin ɗari. Duk da haka, a watan Agustan 2016 aka kama wani ma'aikacin Booz Allen Hamilton, Harold Martin, da bayanai kimanin terabayit 50 da ya shafe kusan shekara ashirin yana kaiwa gida, wasu a cikin motarsa, wasu a rumfar ajiye kaya. An ɗaure shi shekara tara.

Makaman kutse na CIA, 2017

Ranar 7 ga Maris na 2017 WikiLeaks ya fara sakin takardu 8,761 da ya kira Vault 7, waɗanda suka bayyana manhajojin da CIA ke amfani da su wajen kutsawa cikin wayoyin iPhone da Android da talabijin na zamani na Samsung. An sace bayanan ne tun a 2016 daga sashen da ke ƙera waɗannan manhajoji.

Rahoton cikin gida na CIA na watan Oktoban 2017, wanda Sanata Ron Wyden ya fitar da wani ɓangarensa a 2020, ya ce abin da aka kwashe ya kama daga gigabayit 180 har zuwa terabayit 34. Ya ce ma'aikatan sashen suna amfani da kalmar sirri ɗaya ta masu kula da tsarin, babu ingantaccen shinge a kan ma'adanan da ake jonawa a cire, babu kuma manhajar lura da abin da kowa ke yi. Sashen ya fi mayar da hankali kan ƙera makaman kutse fiye da kare su. Rahoton ya amince cewa da WikiLeaks bai buga bayanan ba, mai yiwuwa hukumar ba za ta san an sace su ba. An samu tsohon injiniyan sashen, Joshua Schulte, da laifi, masu gabatar da ƙara suka ce haushin rikicin da ya yi da abokan aiki ne ya tunzura shi. A watan Fabrairun 2024 aka yanke masa ɗaurin shekara 40, hukuncin da ya haɗa da wani laifi na daban da ya shafi hotunan batsa na yara.

Illar fitar irin waɗannan makamai ba ta tsaya kan gwamnati ba. A watan Afrilun 2017 wata ƙungiya mai kiran kanta Shadow Brokers ta saki manhajar kutse ta NSA mai suna EternalBlue. Wata guda bayan haka aka yi amfani da ita a harin WannaCry na neman kuɗin fansa, wanda ya kama kwamfutoci fiye da 200,000 a ƙasashe kimanin 150, ya kuma sa asibitocin gwamnatin Ingila soke ganin marasa lafiya kusan 19,000.

Teixeira da dandalin Discord, 2023

Jack Teixeira ƙaramin sojan sama ne a runduna ta 102 ta leƙen asiri da ke sansanin Otis a Massachusetts. Aikinsa kula da wayoyi da na'urorin sadarwa ne, amma saboda yana taɓa kwamfutocin sirri aka ba shi izinin matakin ƙoli. Tun a 2022 ya fara rubuta abin da ya karanta yana turawa wani ƙaramin zauren abokan wasan bidiyo a dandalin Discord, daga baya ya koma buga takardun yana kai su gida yana ɗaukar hotonsu.

Takardun sun ƙunshi kimanta ƙarfin dakarun Ukraine da na Rasha, da bayanan leƙen asirin da Amurka ta yi wa ƙawayenta irin su Koriya ta Kudu, da ayyukan sojojin haya na Wagner a Afirka, ciki har da Chadi. Sun shafe watanni a intanet kafin hukumomi su farga a farkon Afrilun 2023. An kama shi ranar 13 ga watan, ya amsa laifi a watan Maris na 2024, aka ɗaure shi shekara 15 a watan Nuwamba.

Rahoton Sufeto Janar na rundunar sojan sama na watan Disambar 2023 ya nuna cewa shugabanninsa sun gan shi fiye da sau ɗaya yana rubuta bayanai a takarda yana duba abin da bai shafi aikinsa ba. Sun gargaɗe shi, amma ba su kai rahoto ga jami'an tsaron da ya kamata ba. Masu aikin dare ba su da mai sa musu ido sosai, ba a kuma lura da abin da ake bugawa a firinta. An hukunta jami'ai 15, ciki har da kwamandan rundunar da aka sauke.

Gazawar da ke maimaita kanta

Idan aka jera waɗannan shari'u, wasu kurakurai suna fitowa fili. Na farko shi ne ba da dama fiye da buƙata, musamman ga masu kula da kwamfuta, waɗanda galibi matasa ne masu ƙaramin muƙami amma suke riƙe da makullin komai. Na biyu shi ne rashin rijistar abin da ake buɗewa da kwafa da bugawa, ko kuma a yi rijistar amma babu mai dubawa. Amfanin rijistar ya bayyana a shari'ar Reality Winner a 2017, wadda ta buga rahoton NSA guda ɗaya ta aika wa kafar The Intercept. Bincike ya nuna mutum shida ne kawai suka buga takardar, aka kama ta cikin 'yan kwanaki.

Na uku shi ne raunin tantance ma'aikata. A 2014 ma'aikatar shari'ar Amurka ta zargi kamfanin USIS, wanda ya yi aikin sake tantance Snowden, da miƙa binciken mutane kimanin 665,000 a matsayin kammalalle alhali ba a kammala ba. Na huɗu shi ne tsofaffin kwamfutoci da jinkirin gyara. A 2015 aka gano cewa masu kutse sun shiga ofishin kula da ma'aikatan tarayya na Amurka da kalmar sirrin wani ɗan kwangila, suka kwashe bayanan tantancewar mutum miliyan 21.5 da zanen yatsun miliyan 5.6. Sufeto Janar na ofishin ya shafe shekaru yana gargaɗi kan raunin tsarin, kuma shugabar ofishin, Katherine Archuleta, ta yi murabus. Wannan hari daga waje ya zo, amma ta ƙofar ɗan gida ya shigo, domin sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Na biyar shi ne halin manya. A watan Maris na 2025 aka saka editan mujallar The Atlantic, Jeffrey Goldberg, bisa kuskure a wani zauren manhajar Signal inda manyan jami'an gwamnatin Amurka ke tattauna shirin kai wa 'yan Houthi hari a Yemen. Dokar da shugabanni ke takawa tana da wuyar ɗorawa a kan ƙananan ma'aikata.

Matakan da masana ke ba da shawara sun taso ne daga waɗannan darussa: a taƙaita wa kowa damarsa ga abin da aikinsa ke buƙata, a raba rumbunan bayanai, a toshe ramukan USB da na faifai, a ƙara wata shaida bayan kalmar sirri, a rufe bayanai da lambobin sirri, a riƙa sake tantance ma'aikaci a kai a kai, a kuma soke izininsa ranar da ya bar aiki. Akwai masu ganin cewa yawan buga hatimin sirri a kan takardun da ba su cancanta ba yana cikin tushen matsalar, domin yana ƙara yawan masu buƙatar izini, yana kuma rage wa hatimin kwarjini. Fiye da rabin saƙonnin jakadun da Manning ya fitar ba su ma ɗauke da hatimin sirri ba.

Mai fallasa gaskiya ko mai cin amana?

Har yanzu ana muhawara kan matsayin wasu daga cikin waɗannan mutane. Gwamnatin Amurka na gurfanar da su ne a ƙarƙashin Dokar Leƙen Asiri ta 1917, wadda a aikace ba ta ba wanda ake tuhuma damar kare kansa da hujjar amfanin jama'a. Jami'an tsaro na cewa fitar da bayanai barkatai na jefa rayukan majiyoyi cikin haɗari, yana kuma rufe hanyoyin leƙen asirin da aka kashe shekaru ana ginawa.

Masu kare su kuwa na nuni da cewa wata kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya ta yanke hukunci a watan Mayun 2015 cewa tattara bayanan kiran waya da Snowden ya fallasa ya saɓa wa doka, kuma majalisa ta kawo ƙarshen shirin a yadda yake a watan Yunin shekarar. Wanda ya kafa WikiLeaks, Julian Assange, ya amsa laifi ɗaya a ƙarƙashin wannan doka a watan Yunin 2024, ya koma ƙasarsa Australiya. Ɓangarori biyun sun fi samun daidaito a kan abu ɗaya, wato ma'aikacin da ya ga ɓarna yana buƙatar amintacciyar hanyar kai ƙara a cikin gida, wadda ba za ta jawo masa ramuwar gayya ba.

Abin da dokokin Najeriya suka tanada

A Najeriya, Dokar Sirrin Gwamnati ta 1962 ta haramta miƙa bayanan sirri ga wanda ba shi da izini, da hukuncin da ka iya kaiwa ɗaurin shekara 14, kuma ma'aikatan da ke taɓa irin waɗannan takardu suna yin rantsuwar riƙe sirri. Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ta bai wa ɗan ƙasa damar neman bayanan hukumomi, tare da keɓe waɗanda suka shafi tsaro da harkokin waje. Dokar Laifukan Intanet ta 2015, wadda aka yi wa gyara a 2024, ta hukunta shiga kwamfuta ba da izini ba, yayin da cibiyar ngCERT da ke ƙarƙashin Ofishin Mai Ba Shugaban Ƙasa Shawara Kan Tsaro ke karɓar rahoton hare-hare. Dokar Kare Bayanan Jama'a ta 2023 ta kafa hukumar NDPC. Akwai kuma manufar tsegunta ɓarna ta watan Disambar 2016, wadda ta tanadi ladan kashi 2.5 zuwa 5 cikin ɗari na kuɗin da aka ƙwato.

Ƙalubalen a nan ma ya fara bayyana. A 2024 ƙungiyar Paradigm Initiative ta ce ta gano shafukan intanet da ke sayar da bayanan lambar ɗan ƙasa ta NIN da ta banki ta BVN a kan kuɗin da bai wuce naira 100 ba, kodayake hukumar NIMC ta musanta cewa an fasa rumbunta. A watan Disambar shekarar aka yi wa shafin Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa kutse. Yayin da ma'aikatun tarayya ke ƙaura daga fayil ɗin takarda zuwa kwamfuta, tambayoyin da suka kunyata Pentagon da NSA da CIA suna jiran kowace ma'aikata: mutum nawa ne ke iya buɗe rumbun, wa ke duba abin da suka buɗe, kuma wa ake faɗa wa idan aka ga ma'aikaci yana leƙa abin da bai shafe shi ba.